Giyar Gidan Stoil

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Rumyana ta tura kwalin ƙarƙashin tsohon buhu da ƙafa, ta tsaya tana sauraro. Takun mahaifiyarta ne a saman kanta, daga kicin zuwa tsakar gida. Sai da ya yi nisa sannan ta saki numfashi.

Saura mako shida ranar Waliyyi Tirifon, ranar da ƙauye ke fita gonakin inabi a yi wa itatuwa askin farko, a tsiyaya musu giya a gindi, kowane gida ya miƙa tasa a ɗanɗana. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya ture ta mahaifinta, Stoil. Bara ya rasu. Ƙanensa Dobri, mai rabin gonar, ya yanke magana gaban kowa: in jar giyar bana ta fito irin ta Stoil, Rumyana ta riƙe gona. In ba ta fito ba, a sayar wa kamfanin da ke ta haɗiye gonakin ƙauyen.

Ta yi iya yinta, Allah ya sani. Sai dai uban bai koya wa kowa ba. Mutum ne mai zurfin ciki: makullin ɗakin ƙasa, inda yake haɗa giya, a wuyansa yake kwana, ko wurin likitan da yake zuwa gani a birnin Plovdiv duk Disamba bai yarda a raka shi ba. Ita kaɗai ta tsinke, ta matse, ta cika ganga. Da ta buɗe bayan Kirsimeti, tsami ya doki hancinta har idonta ya kawo ruwa. Inabin shekara guda ya tafi a banza.

Shi ya sa ta hau motar birni ta sayo abin da ake kira giyar kwali: jakar ruwan inabi mai kauri, ƙullin yisti, takardar bayani, da ɗan bututu mai lanƙwasa na fitar da iska. A ƙauyen nan gara a kama ka da akuyar maƙwabci. Wani da ya taɓa ƙara sukari a ganga ya mutu tuni, amma har yau jikokin Sukari ake ce wa zuriyarsa.

Takardar ta ce a nemi bokiti mai huda a murfi. Ta ci sa'a, akwai wani fari a bayan gangunan, bututun ya zauna a hudar daram. Ta haɗa ruwa, ta barbaɗa yisti, ta rufe.

Kwana uku shiru, ko kumfa ɗaya. Sanyi ya kwantar da yistin. Ta lulluɓe bokitin da tsohon kwat na uban. Mahaifiyarta Nevena, wadda ke ƙirga itace kamar ƙwai, ta kama hura murhun da ke saman ɗakin tun safe, wai gwiwoyinta ne suka matsa mata. Rana ta huɗu bututun ya ce ɓul.

Mako na biyar Dobri ya zo, ya nufi matakalar ɗakin ƙasa kai tsaye.

"Matsa in sansana, 'yar birni."

"Baffa, ko kai Baba bai taɓa bari ka sauka ba."

"Shi ya isa ne. Ke fa, da farce mai fenti?"

"Sai ka jira ranar, kamar kowa."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar, ya tafi yana tsaki. Ta sauka ta zuƙe giyar da tiyo zuwa ƙaramar gangar uban, don ta ɗauki ƙanshin katako.

Rana ba ta ƙarya. Aka taru bakin gona da burodi da gasassun kaji, limamin coci ya yi addu'a, aka datse reshen farko. Aka yi ta ɗanɗana giyar kowane gida har aka zo kan ta Rumyana. Dattawa suka matsa wa Dobri, don duk ƙauyen ba mai harshe irin nasa. Ya ɗaga kofin ga hasken rana. Ya sansana. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Rumyana ta riga ta ji sunan da za a laƙaba mata.

Ya haɗiye. Hawaye ya gangaro masa cikin gashin baki.

"Hannun ɗan'uwana ne," ya ce. "Ko a kabari na gane shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gona taki ce."

Aka yi ta tafi, aka ɗora mata rawanin reshen inabi. Ita kuwa kunya ce ta lulluɓe ta, don ta san ta yi ƙarya da sunan mamaci.

Da suka dawo gida da la'asar, ta kasa daurewa. Ta sami Nevena tana wanke kofuna.

"Mama, akwai abin da zan faɗa miki. Giyar nan ba..."

Tsohuwar ba ta ko waiwayo ba. Ta kife kofi, ta ɗauki wani.

"Sauka ki ɗauko kwalin tun murhu na da wuta," ta ce. "Mako shida kin bar shi ƙarƙashin buhu. Ubanki shekara ashirin da biyu, ranar da ya kawo nasa yake ƙona shi."