Kantar da Ruwa Bai Ci Ba

"Irin wannan za ka yi mini," in ji Tizhe, yana girgiza kantar waya da hannu biyu. Ko motsi ba ta yi ba.

Gaisuwar mutuwa ya zo yi wa maƙwabcinsa Mansir mai walda. Mayo, kogin garin, ya cika ya shigo unguwa, ruwa ya danne ƙofar ɗakin mahaifiyar Mansir, ta rasu a ciki. Katifa da akwati duk sun zama laka. Amma kantar da Mansir ya ƙera mata tana nan daram, har buhun masarar da ke can samanta bai jiƙe ba.

"Sai bayan makoki," Mansir ya ce.

"Ba gaggawa. Amma ya ka kafa ta? Bangon laka ai ba ya riƙe ƙusa."

"A bakin ƙarfen taga na yi mata walda."

Tizhe ya leƙa bayan tukwane. Taga ce kuwa, mai faɗi, tana kallon tudu.

Ranar da Mansir yake aikin, tsohuwar ta ce, "Ai ka toshe mini taga, Mansir." Ya yi dariya ya ce, "Dada, ga ƙofa."

"Aiki ya yi kyau," in ji Tizhe. "Sai dai wayoyin tsakiyar nan biyu sun lanƙwashe. Ka sa masu kauri a tawa."

Mansir ya dubi wurin, daidai faɗin hannu.

"Ba nauyin kaya ba ne," ya ce. "Nan Dada ta yi ta ja."