Zoben Yistin Gidanmu

Baba, zoben ya ƙi tashi. Gara in fara da wannan, tunda ba ka son a zagaya da magana.

Na yi komai yadda ka koya mini. Na dafa sha'ir a tukunyar tagulla, na tace, na jira ruwan ya huce ya koma kamar madarar da aka tatso yanzu. Na sauko da zoben katakon nan da yistin giyar kakanninmu ya bushe a jikinsa tun kafin hanyar mota ta shigo kwarin nan. Wannan matakin ne kaɗai ban taɓa gani ba, don kullum a nan kake korata waje ka sa sakata. Na tsoma shi, na kwarma ihun da ake yi don korar aljanu daga giya. Muryata ta fito siririya, ba irin taka ba mai tarwatsa tumakin maƙwabta.

Washegari babu kumfa. Wanshekare ma haka. Ruwan ya kwanta shiru kamar tafkin ƙasan gona ranar da muka binne ka.

Ga shi Tordis ta yi waya tana tafe Asabar ta sama. Ka tuna ta, matar nan ta Bergen mai bin ƙauyuka tana ɗanɗana giyar ƙananan masu dafawa, tana rubutawa a jarida. Albarkacin bakinta mashaya biyu a birni ke ɗaukar gangunanmu. In ta ce hannun ɗa bai kai na uba ba, sai in rufe ɗakin dafa giyar in tafi kiwon kifi a keji kamar sauran sa'annina.

Aron yisti ba abin kunya ba ne a wurinmu, amma wa zan tambaya? Yayanka, Baffa Magnar? Kafin in kai gida da kwalbar, duk kwarin ya ji cewa ɗan Oddvin ya kashe gadon gidansu tun furen kabarin ubansa bai bushe ba.

Sai na hau jirgin fito na tafi Ålesund, can inda kake zuwa ganin likitan haƙori duk kaka da bazara, kai da haƙoranka na roba ke kwana a kofi. Na shiga wani kanti a bayan tasha inda ba mai sanina, na sayi yistin burodi, irin mai ƙunshin takarda mai ƙyalli. Matar kantin ta daɗe tana kallona, ta ce kamar ta san fuskar nan. Na ce ba ni ba ne.

Na dafa sabo, na sa sakata, na marmasa abin a ciki. Na yi ihun ma, har da ƙari. Da safe kumfa ta yi tozo har tana lasar murfi. Takardar ba ta cin wuta, Inna kuma ba ta barin aljihu bai sha bincike ba, don haka na cusa ta a safata.

Ranar Asabar ɗaki ya cika. Ka san mutanenmu, ba mai cewa giya ba daɗi. In ba ta yi ba, mutum ya ajiye kofi ya tuna bai ba shanu ciyawa ba. Ni dai ƙofa nake kallo, ina jiran wanda shanunsa za su fara jin yunwa.

Tordis ta ɗaga kofi saitin taga, ta juya shi, ta cusa hanci, ta lumshe ido.

"Malama, sha ake yi," in ji Baffa Magnar. "In duba kika zo yi, ga tafin hannuna."

Ba ta kula shi ba. Ta kurɓa, ta jujjuya ta a baki kamar mai kurkure. Ta ce tana jin ɓawon lemo, da ciyawar da ruwa ya daka, da wani abu can ƙasa kamar bencin tsohuwar majami'a. Ta ce masana'antun birni su yi ta gwaji har su tsufa, wannan ɗanɗanon ba a sayensa a kanti, gadonsa ake yi. Takardar ta soke ni a idon sawu.

Amma ba ita nake tsoro ba. Baffa Magnar ya sha giyarka tun kuna samari, kuma bai taɓa yaba ta ba ko sau ɗaya. Ya shanye kofin a tsaye. Ya share gashin bakinsa. Ya dubi ƙofa. Sai ya miƙo mini kofin.

"Ƙaro, yaro. Oddvin ne wannan, har da taurin kansa."

Inna ta rufe fuska da gefen rigarta. Ba wanda ya tuna da shanu ranar nan, Baba. Sun yi ta kuka a garke, mu muna namu a ɗaki. Ni na fi kowa, suka ɗauka kewa ce kawai. Kewar ma tana ciki.

Da gari ya waye na shiga ɗakin dafa giyar ni kaɗai, na sa sakata, ina neman inda zan binne abin kunyata. Na duba ko'ina, na ga ba wurin da ya kai wata kafa da ke bayan azarar saman ƙofa, inda sai dogo irinmu zai kai hannu. Na tura takardar, ta ƙi shiga. Na ƙara turawa, sai wani abu ya zubo mini a ka.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna, Baba, kai ne na farko: kafar cike take maƙil da irin takardar nan mai ƙyalli, wasu har sun yi baƙi don tsufa, kowace an ninke ta gida huɗu yadda kake ninke hankicinka.