Ƙoƙon da Dattawa Suka Kife

"Kaka, ba mu littafin nan da kika rubuta labarin taron sulhu mu adana miki," in ji jami'in gwamnati, yana murmushin da bai kai zuci ba.

Shekara hamsin ke nan da na zauna a ɗakin taron, ni kaɗai ce 'yar jaridar tsibirinmu. Yaƙi ya ƙare, jakadun manyan ƙasashe suka zo neman gaɓar tekunmu don jiragen yaƙinsu. Aka zagaya da ruwan saiwar kava, abin shanmu na al'ada, a ƙoƙon kwakwa. A wurinmu, wanda ya sha ya yarda, wanda ya zubar ya kife ƙoƙo ya ƙi. Dattawanmu bakwai ba su ce uffan ba, kowanne ya zubar da nasa ya kife ƙoƙo. Jakadu suka rubuta: "Babu wanda ya ƙi." Ni kuwa na rubuta abin da idona ya gani.

Bana za a sabunta yarjejeniyar, sai aka tuna da ni.

"Jikana, kai ɗan tsibirin nan ne?"

"Ƙwarai, Kaka."

"To, ba sai an yi maka tafinta ba."

Na cika ƙoƙo, na zubar a gaban takalminsa, na kife shi a kan littafin.