Lasifikar da Ta Gyara Baba

Tun da aka kafa dokar tace sauti, kowace lasifika sai ta goge aibin murya, kuma ba wanda ya ce uffan. Na kai Inna shagon Alhaji Tanimu ta zaɓi wadda za ta riƙa jin muryar marigayi Baba da ita, muryar da muka naɗa yana raye.

Ya kunna ta Jamus, sannan ta Japan. Magana ta fito sumul.

"Ji zaƙi, 'yata! Ko numfashi babu," in ji Alhaji.

"Alhaji, Babana mai in'ina ne! Sai ya ja sunana sau uku kafin ya fita. Wannan wane ne?"

Inna ta share hawaye. "Bari, Rakiya. Ashe can ya samu sauƙi."

Ta ce a ɗauko mata ta Japan.