Inda Mata Ke Sauke Kaya

Rahila, amaryata, murna ta sa kin faɗo ɗakin kakanki ko sallama babu. Na yafe. Takardar taki na karanta ta sau biyu, da tabarau. Ta ce a shekara ta uku kowane ɗalibin tsara birane zai kama reshe ɗaya: ko gidaje, ko hanyoyi da sufuri, ko muhalli da magudanan ruwa, ko zanen taswira da na'ura, ko raya karkara. Kai, zamaninku da daɗi yake! Mu a makarantar mishan biyu aka ajiye mana, malanta ko aikin asibiti, kuma waɗanda muka yi zaɓin tare duk sun riga ni. Kin ce in zaɓa miki kafin Litinin. Ba zan zaɓa ba, amma zauna ki ji wani misali.

An yi wata budurwa da ta iso wannan mararraba. Uwarta mutuniyar ƙauye ce, mai kai rogo kasuwar gari a ka, tafiyar mil huɗu da rabi, kuma tun tana ƙarama take bin ta a baya da ɗan ƙunshinta. Abokan karatunta suka yi rububin gidaje da taswira, don can ake zama a ofis mai sanyi. Ita kuwa ta rubuta sufuri. Da kawunta ya ji, sai da ya riƙe ciki don dariya, ya ce, "Duk bokon nan, ashe 'yar kamasho za a yi mana a tasha!" Ta gama karatu, aka ɗauke ta ƙaramar ma'aikaciya a ofishin tsara garinsu. A shekarar ne aka gina sabuwar kasuwa, aka ja titi miƙaƙƙe fetal daga ƙauyuka zuwa gare ta, wanda ya rage tafiyar da mil guda cur. Gwanin taswira ne ya zana shi, kuma a takarda ba shi da aibi ko ɗaya. Aka buɗe da kiɗa da guɗa. Amma matan ƙauye suka ƙi hawa titin. Suka ci gaba da bin tsohuwar hanyarsu mai kwane-kwane, suna baza kaya a kangon tsohuwar kasuwa, sabbin rumfuna kuwa sai ƙadangaru. Manyan ofis suka ce taurin kai ne, suka yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa za a tura 'yan gadi su kore su, a ƙwace kayan duk wadda ta yi gardama. Uwar budurwar nan tana cikin waɗanda za a kora.

Sai ta roƙi a ba ta sati biyu. Ta naɗa gammo, ta sa aka aza mata cikakken daro na rogo, ta hau sabon titi tana ƙirga taku. Kafin mil guda wuyanta ya ɗauki wuta, ta duba gabas ta duba yamma, babu inda za ta sauke. Ga abin da gwanin taswira bai sani ba: kaya mai nauyin nan mace ɗaya ba ta iya sauke shi ƙasa, in kuwa ya sauka ba ya komawa ka sai da mutum biyu. A tsohuwar hanya, kusan kowane rabin mil akwai itace mai gwafa daidai tsayin kai, nan ɗorawa, can kaɗanya. Mace ta tura kayanta cikin gwafar, ta zare kanta, ta sha ruwa, ta miƙe ƙashin baya, sannan ta sake shiga ƙarƙashi ta ɗauka ba tare da ta roƙi kowa ba. Ɓawon itatuwan har ya yi sulɓi, don kakanni ne suka goge shi da kayansu. Masu titi kuwa sun tumɓuke duk wani itace da ya tare musu layi. Budurwar ta koma ofis da wuya a sanƙare, ta zana ginshiƙai bakwai na siminti, kowanne daidai tsayin mutum, mai faffaɗan kai, da dashen darbejiya a gefensa. Manya suka yi murmushi, amma da yake abin ba shi da wahala, suka bari aka gina. Zo ki ga ranar kasuwa! Tun hantsi titi ya cika maƙil, mata jere kamar tururuwa, daro bayan daro, ana tafe ana waƙa, rumfuna suka cika har aka rasa masaka tsinke. A ginshiƙi na uku uwar ta tura kayanta, ta zare kai, ta shafa wuya, ta dubi ƙawarta ta ce, "Ke Indo, wa ya je ya gaya wa gwamnati wuyanmu na ciwo?"

To, Rahila, duk rassan nan biyar masu kyau ne, kuma gari yana bukatar kowannensu. Ajiye takardar tukuna, ki fita ki taka unguwar da kika tashi, ki tuna abin da ya fi ci miki rai a cikinta tun kina ƙarama, abin da baƙo zai wuce bai gani ba. Reshenki yana wurin. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.