Tattabarar Pan Leszek

A unguwarmu cewa ake ko tari rana ta yi, Pan Leszek zai fara ji. Aikinsa ke nan, sa ido kan rana ta na'urar hange mai shawagi a sararin samaniya. Shi ya sa masu tseren tattabaru ba sa sakin tsuntsu sai sun tambaye shi, don in rana ta yi aman wuta, tattabara kan yi ɓatan kai. Tasa kuwa, Gienia, ba ta taɓa cin kofi ba.

Ana jibi gasa ya ce, "Rana ta yi amai. Kowa ya kulle tasa."

Muka kulle.

Ran gasar da yamma muka hau rufin gidansa da kwalbar giyar vodka, abokinmu Staszek na ihu: "Boka! Rediyo ya ce an daɗe ba a ga amai irin wannan ba! Ka ceci tsuntsayenmu, tsohon banza!"

Sai muka ga ɗakin Gienia wayam. Pan Leszek bai ko waiwayo ba, idonsa na sama, yana cewa:

"Gienia, yi haƙuri. Na so ki yi tseren ke kaɗai, ki ci kofin. Ko duba na'urar ban yi ba. Na ɗauka ƙarya na shirga musu."