Filin da Babu Kowa

Tunda ka ce na'ura ba ta ƙarya, na yarda, amma saurari wannan. An yi wani injiniya, mutumin kirki, mai tsoron Allah daidai gwargwado, aka ba shi aikin karkatar da wani rafi da ke cin kasuwar wani gari duk damina. Burinsa guda ne: ya kawar da ruwan ba tare da an rushe gidan kowa ko an ci gonar kowa ba. Ya zauna a ofis ya buɗe hotunan tauraron ɗan Adam, ya ɗora taswira kan taswira, kwamfuta ta auna masa tudu da gangare har taƙi-taƙi. Rumbuna ma sai da ya ƙirga. Can gabas da wani ƙauye ya hango fili a kwari, ba gida, ba kunyar noma, ba ko turken akuya, sai 'yan itatuwa jefi-jefi. Ya yi hamdala. Bai tsaya tambayar abin da ya sa mutanen da ke noma har bakin kwalta suka bar wannan ƙasa haka ba. Ya ɗauka lalaci ne, irin wanda mai ilimi kan yi saurin ganowa a wurin talaka. Direbansa ya ce ko za su leƙa, tafiyar awa uku ce. Injiniya ya ce hanyar ba kyau, kuma me ƙafa za ta gano wanda sama ba ta gani ba? Aka haƙa magudana, aka tsayar da bakinta a kan tudu, don lissafi ya nuna daga nan ruwa zai gangara da kansa zuwa filin. Mutanen ƙauye suka ga rami ya tsaya a tsakiyar daji, suka ce aikin hukuma ne, an bar shi rabi kamar yadda aka saba. Babu wanda ya ga dalilin kai ƙara.

Lissafin kuwa bai kuskure ba ko kaɗan. Ruwan Agusta ya zo, kasuwa ta tsira, ruwa ya bi gangare ya sauka daidai inda aka zana masa. Filin nan maƙabartar ƙauyen ce tun kaka da kakanni. Kabarin Musulmi kuwa ba gini ba allo, damina biyu ta shafe tudunsa, daga sama ba a ganin komai sai ƙasa. Ran nan injiniya ya yi tafiyar awa ukun. Ya tarar da maza cikin taɓo har gwiwa, suna tsintar ƙasusuwa a gonakin gero suna jerawa a kan farin ƙyalle, mata na tsaye daga nesa ba mai kuka da ƙarfi. Ba wanda ya zage shi, da ma sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Wani dattijo ya goge hannu a riga, ya yi masa sannu da hanya, ya tambayi iyali, sannan ya nuna ƙyallen ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce injinka ba abin da ke ɓoye masa. Taimaka ka duba mana, wanne ne mahaifina a nan?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.